Abin da ke sa hoton tsohuwar na'urar gem birgima a talabijin, da yadda ake magance shi

Magidanci ya sayo tsohuwar na'urar Sega ko PlayStation a kasuwa, ko ya zaƙulo wadda ya ajiye tun yana saurayi, don 'ya'yansa su ga irin wasan da aka yi a da. Ya jona ta da talabijin mai doro, sauti ya fito, amma hoto sai birgima yake yi daga sama zuwa ƙasa, ko kuma ya tsaya cak babu launi. Daga nan sai rigima: mai saye ya ce an sayar masa da matacciya, ɗan kasuwa ya rantse cewa ya gwada ta lafiya ƙalau. Sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu. Na'urar lafiyarta ƙalau, talabijin ɗin ma haka, sai dai an ƙera su ne a kan ƙa'idojin ƙasashe daban-daban, don haka tafiyarsu ba ta zo ɗaya ba.

Yadda talabijin ke zana hoto

Talabijin mai doro ba ya nuna hoto gaba ɗaya a lokaci guda. Wani siririn tsinken lantarki ne daga bayan kwalbar yake bin fuskar gilashin layi-layi, daga hagu zuwa dama, kamar manomi mai huɗa: ya kai ƙarshen kunya ya dawo ya kama ta gaba, in ya kai ƙarshen gona ya koma farko. Saurin aikin ne ke sa ido ya ga cikakken hoto.

Domin tsinken ya san lokacin juyowa, na'urar gem tana haɗa hoton da sigina iri biyu. Ta farko tana sanar da ƙarshen kowane layi, ta biyu tana sanar da ƙarshen shafi. Waɗannan su ne siginar daidaito. Idan talabijin ya kasa kama ta ƙarshen shafi, hoto zai yi ta birgima. Idan ta ƙarshen layi ce ta kuɓuce masa, hoton zai yage ya koma karkatattun zane-zane.

Tsari uku da suka raba duniya

Amurka ta amince da tsarin launi na NTSC a 1953, Japan ma ta bi shi. Yana da layi 525, kuma tsinken yana komawa sama kusan sau 60 a daƙiƙa. Tsarin PAL, wanda injiniya Walter Bruch ya ƙirƙiro a kamfanin Telefunken na Jamus, ya fara aiki a 1967 da layi 625 da komawa sau 50. A shekarar ce kuma Faransa ta fara watsa shirye-shirye masu launi da nata tsarin, SECAM, wanda layukansa da saurinsa daidai suke da na PAL, amma hanyar ɗauko launi ta bambanta. Najeriya da Ghana sun bi PAL, Jamhuriyar Nijar ta bi SECAM.

Kayan hannu kuwa ba su san wannan iyaka ba. A rumfa ɗaya ana iya samun Genesis ta Amurka, da Mega Drive ta Turai, da Famicom ta Japan wadda aka fara fitarwa a 1983, kowace da irin siginar da take bayarwa.

Kowace alama da sanadinta

Birgima ita ce alamar da aka fi gani. NTSC yana zana layi 15,734 a daƙiƙa, PAL kuma 15,625; tazarar ba ta kai kashi ɗaya cikin 100 ba, don haka talabijin yakan kama layin ba tare da wahala ba. Amma tsakanin 50 da 60 akwai tazara babba, kuma tsofaffin talabijin da yawa na PAL ba sa iya cike ta. Idan akwai maɓallin murɗawa mai rubutun V-Hold a baya ko a ƙarƙashin murfin gaba, a murɗa shi sannu a hankali har hoton ya tsaya. Idan babu, sai a nemi talabijin mai karɓar tsari da yawa, wanda akan rubuta wa Multi System a jiki.

Hoto tsayayye amma fari da baƙi yana nufin an kama daidaito, launi ne bai shiga ba. NTSC yana ɗora launi a kan zangon megahaz 3.58, PAL a kan 4.43, kuma talabijin da bai san ɗaya ba zai yi watsi da shi. A shiga jerin saitin talabijin a nemi wurin tsarin launi, a mayar da shi kan Auto ko NTSC. Haka abin yake idan aka kai na'urar PAL daga Kano zuwa Maraɗi aka jona ta da talabijin da SECAM kaɗai ya sani: hoto ba zai motsa ba, amma launi ba zai fito ba. Faifai ma yana jawo wannan. PlayStation ta Turai da aka yi wa aiki don ta karɓi kowane faifai tana komawa saurin 60 da zarar an saka mata faifan Amurka, sai wasa ɗaya ya fito da launi, wani ya fito babu, a na'ura ɗaya da talabijin ɗaya.

Karkatattun zane-zane kuwa ba kasafai bambancin ƙasa ke kawo su ba. Ko dai waya ta lalace siginar ta yi rauni, ko na'urar tana aiko da layuka fiye da ƙarfin talabijin. Wasu wasannin PlayStation 2 suna da zaɓin 480p, wanda ke ninka saurin layi zuwa kusan 31,000 a daƙiƙa. Talabijin na gida mai doro ba ya iya bin sa. A kashe na'urar a sake kunnawa, a bar wannan zaɓi.

Akwai kuma abin da ba matsala ba ce ko kaɗan. Wasannin da aka tsara a kan saurin 60 aka kai su Turai ba tare da gyara ba suna tafiya da jinkirin kusan kashi 17 cikin 100, da baƙin fili a sama da ƙasa. Sonic na farko, na 1991, sanannen misali ne: har kiɗansa ya fi nawa a na'urar Turai. Haka aka ƙera ta, babu abin da mai gyara zai yi.

A fara da waya

Kafin a zargi na'ura, a duba hanyar da hoton ke bi. Wayar nan mai kai uku, ruwan ɗorawa da fari da ja, ruwan ɗorawar ce kaɗai ke ɗauke da haske da launi da siginar daidaito a haɗe, don haka tsatsa kaɗan a bakinta ta isa ta sa hoto rawa. A goge bakin, a gwada wata waya. A kuma tabbata ba a cusa ta a kafar kore ba, domin wannan ma yakan ba da hoto marar launi.

Na'urorin da ke shiga ta kafar eriya sun fi rikici, domin sai talabijin ya kamo su kamar tasha. Na Amurka suna fitowa a tasha ta 3 ko ta 4 ta lissafin Amurka, na Turai galibi a tasha ta 36. Idan hoto ya fito tas amma sauti sai shuuu, tsarin sauti ne ya saɓa: Ingila ta yi amfani da I, Jamus da B/G, Amurka da M. A sauya shi a saitin talabijin. In na'urar tana da kafar waya mai kai uku, gara a rabu da eriya baki ɗaya.

Talabijin ɗin da suka zo daga Turai sukan zo da faffaɗar kafa mai haƙora 21 da ake kira SCART. Cikakkiyar wayar wannan kafa tana aika ja da kore da shuɗi kowanne daban, don haka rigimar launi tsakanin PAL da NTSC ba ta tasowa. Sai dai ba ta hana birgima idan talabijin ɗin bai iya saurin 60 ba.

Wuta da haɗari

Wutar gida a Japan bolt 100 ce, a Amurka 120, a Najeriya kuwa 230. Jona na'urar Amurka ko Japan kai tsaye a bango yana iya ƙone ta nan take. A karanta rubutun jikin abin ba ta wuta, a samo ƙaramar taransfoma mai rage ƙarfi idan ana bukata.

Idan wani faffaɗan duhu yana rarrafe a hankali a kan hoto, ko hoton yana lafiya da farko sai ya fara birgima bayan talabijin ya ɗauki zafi, to kafasitoci ne suka tsufa, a cikin talabijin ko a abin ba na'urar wuta. Wannan aikin mai gyara ne. Kwalbar talabijin tana aiki da ƙarfin da ya haura bolt 20,000, kuma tana iya riƙe wuta bayan an zare ta daga bango. Kada wanda bai koyi sana'ar ba ya buɗe bayanta.

Kafin kuɗi su shiga hannu

Mai saye da mai sayarwa za su huta idan suka duba takardar da ke manne a ƙarƙashin na'ura. A PlayStation ta farko, lambar da ke biye da SCPH idan ta ƙare da 0 ta Japan ce, da 1 ta Amurka, da 2 ta Turai. Faifai ma akan rubuta masa PAL ko NTSC a jiki. Ɗan kasuwar da ke gwaji da talabijin mai karɓar kowane tsari ya kamata ya gaya wa mai saye haka, domin na gidansa ba lallai ya zama irinsa ba.

Sauya talabijin mai doro da na bango ba koyaushe ne mafita ba. Yawancin waɗannan na'urori suna aiko da sigina mai ƙarancin layuka da ake kira 240p, wadda wasu sababbin talabijin ke nunawa dishi-dishi, wasu kuma su ce babu sigina sam. Bindigar wasan harbin agwagwa na Nintendo ma ba ta aiki sai da talabijin mai kwalba. Wanda yake da tsohon talabijin mai lafiya da ke karɓar 50 da 60, ya riƙe abinsa da kyau.