Ɗan Akwatin Da Ke Daidaita Wutar Janareta

Ikilisiyoyi da dama sun yi shekaru suna tara baiko kafin su sayi janareta, wasu kuma sun same shi tare da rijiyar burtsatse ko ɗakin shan magani. Idan aka yi lissafi, kayan da ake jonawa a jikinsa sukan fi shi tsada: lasifika da amfilifaya na majami'a, sumo na cikin rijiya, da firjin allurar rigakafi wanda dole sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8. Lafiyar dukan waɗannan tana hannun wani ɗan akwati da bai kai girman littafin waƙoƙi ba, wanda ke maƙale a cikin kan janareta. Masu gyara suna ce masa AVR. Ya kamata dattawa da mai kula da inji su san aikinsa.

Janareta kashi biyu ne. Akwai inji mai shan fetur ko gas, aikinsa juyi kawai. Akwai kuma kai, inda ake samun wuta. A cikin kan akwai wani ƙarfe da aka naɗe da wayar tagulla, yana juyawa a tsakiyar wasu wayoyi da ke tsaye. Idan aka ba wayar da ke juyawa 'yar wuta kaɗan, ƙarfen yakan zama maganaɗisu, juyawarsa kuma ta haifar da babbar wuta a wayoyin da ke kewaye da shi. Wani Bature ɗan Ingila, Michael Faraday, ya gano wannan a shekarar 1831. Abin riƙewa a nan shi ne, idan aka ƙara wa maganaɗisun wuta, wutar da ke fita za ta hau, idan aka rage za ta sauka.

Kayan wutarmu a Nijeriya an yi su ne domin ƙarfin da ake aunawa da bolt 230. Amma nauyin da ke kan janareta ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da zarar sumo ya tashi, yakan ja wuta wajen ninki shida na abin da yake ci idan ya kama aiki, shi ya sa kuke ganin fitilu sun dushe na ɗan lokaci. Idan kuma aka kashe babban kaya farat ɗaya, wutar takan yi tsalle sama. A nan AVR yake aiki. Yana auna wutar da ke fita, ya gwada ta da 230 ɗin da aka saita masa, sa'an nan ya ƙara ko ya rage wutar maganaɗisu. Kamar mai tuwo ce a gaban murhu: idan wuta ta yi ƙasa ta iza itace, idan ta yi yawa ta janye.

Na da yana wannan aiki da ƙananan kayan lantarki da 'yan sukurori da ake murɗawa da hannu. Na zamani, wanda ake kira dijital, yana da 'yar ƙwaƙwalwa irin ta kwamfuta. Yana mai da awon wuta zuwa lambobi sau da yawa ƙwarai a cikin daƙiƙa ɗaya, ya yi lissafi. Ba ƙarancin kaɗai yake dubawa ba, har da tsawon lokacin da wutar ta yi a ƙasa da kuma saurin faɗuwarta, domin kada ya yi gyaran da zai wuce gona da iri. Yadda yake ciyar da maganaɗisun ma abin sha'awa ne: kunnawa da kashewa yake yi da saurin da ido ba ya gani. In ana bukatar ƙari sai ya tsawaita lokacin kunnawa, in ba a bukata ya gajarta.

A ganinmu babban amfaninsa shi ne tsaro. Idan wayar da yake auna wuta da ita ta tsinke, wasu tsofaffin AVR sukan ɗauka wuta ta faɗi, su buɗe duka, ƙwayayen fitila su fashe, amfilifaya ta ƙone ana tsakiyar sujada. Yawancin na dijital sukan gane cewa waya ce ta tsinke, su yanke wutar. Sukan kuma ɗaga wuta a hankali lokacin tashi.

Akwai abin da AVR ba ya iyawa, kuma a nan ake yawan asarar kuɗi. Ba shi da iko a kan gudun inji. Wannan aikin gwamna ne, na'urar da ke ƙara mai ko ta rage. Domin a sami wutar da ke kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, babban janareta na gas yana juyi 1,500 a minti ɗaya, ƙarami na fetur kuma 3,000. Idan kaya suka yi yawa, ko matatar mai ta toshe, gudu zai ragu, AVR mai kyau kuma zai sauke wuta da gangan domin inji ya sami numfashi, wayoyi kuma kada su yi zafi. Mai gyara da bai lura ba sai ya ce AVR ya mutu, a sayi sabo, ko ya ƙara masa lamba. Ku roƙe shi ya fara duba mitar da ya kamata ta nuna 50. In tana nuna 45, ciwon yana wajen inji ne.

Kada kuma ku yarda a cire AVR a haɗa waya kai tsaye domin a rufa asiri a ranar biki ko taron zumuntar mata. Gara a yi sujada da fitilar ƙwai. Idan janareta ya daɗe a ajiye ya ƙi ba da wuta, mai yiwuwa ɗan ragowar maganaɗisun da yake farawa da shi ne ya gushe, kuma wanda ya san aiki yakan farfaɗo da shi da batir. Wannan ba aikin ɗan koyo ba ne.

Ƙaramin janareta da ake wa laƙabi da na-fi-maƙwabcina ba shi da AVR, don haka kada a jona masa firjin magani ko kayan sauti masu tsada. Ga mai kula da inji kuma: a tayar da janareta ba kaya a kansa, a fara da sumo, sauran su biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Da an tashi, a kashe kaya tukuna kafin a kashe inji. A rufe ramukan da ɓera da ƙadangare ke shiga, a kuma kiyaye kan janareta daga ruwan sama da ƙurar hunturu.