In Ɗakin Ceto Na Kwamfuta Ya Rushe

A 'yan shekarun nan da wuya mutum ya shiga ofishin ƙaramar hukuma ko ɗakin malamai a Tarauni bai ga kwamfutar cinya bisa tebur ba. A cikinta akawu yake tsara lissafin albashi, a cikinta malami yake tara makin 'yan makaranta. Da yawa daga cikinsu kuwa na hannu ne, sun sha wuya tun kafin su iso Kano. Ran da ɗaya ta ƙi tashi, aka kai ta shagon gyara a bakin titin Zariya wajen Gyadi-Gyadi, sai a ji mai gyara ya ce sashen ceto ya ɓata. Nan da nan hankalin mai ita ya tashi, yana zaton aikin shekaru ya salwanta. To, ga yadda abin yake.

Faifan kwamfuta kamar gida ne da aka yanka ɗakuna. Babban ɗakin shi ne inda Windows take zaune tare da takardunka. Akwai kuma wani ɗan ɗaki a ɓoye, galibi bai kai gigabait 1 ba, inda take ajiye kayan gyaran kanta. Waɗansu kamfanoni, kamar HP da Dell, sukan ƙara wani mai girma, mai mayar da na'ura yadda ta fito daga masana'anta. Ɗakin nan yakan tafi in an yi wa faifai fomat gaba ɗaya, ko an musanya shi da sabo, ko wani mai karambani ya ga fili ba suna ya share. Amma tun asali ba a ajiye takardunka a cikinsa. Kuma tun da yake a faifai ɗaya suke, in faifan ya mutu tare za su tafi, kamar rumbun da aka gina jikin ɗakin da ya kama wuta. Abin tambaya shi ne me ka ajiye a waje.

Kafin kowa ya taɓa kome, in na'urar tana tashi, a kwashe takardu a zuba cikin filash ko faifan waje. In ba ta tashi, sau da yawa ana iya zare faifan a karanta shi a wata. Sai dai Windows 11 takan kulle faifai da kanta in an shiga da asusun Microsoft, kuma ba mai buɗe shi sai da mabuɗin BitLocker mai lambobi 48, wanda ake samu cikin asusun nan. Kada ka amsa wa mai gyara cewa ya yi fomat sai ka ga takardunka da idonka a wani wuri dabam. Garaje a nan shi ne ya fi jawo hasara.

Bayan wannan sai a nemi filash mai gigabait 8 ko fiye, wanda ba kome a cikinsa, gama za a shafe shi. A wata kwamfuta mai lafiya a sauko da Windows daga shafin Microsoft, a sa a ciki. Saukowar kyauta ce, sai kuɗin data. A soka filash ɗin, a kunna na'ura ana danna F9 in HP ce, ko F12 in Dell ce, a zaɓi tashi daga gare shi. A tabbata batir ya cika, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki sai an koma farko.

Daga nan hanya ta rabu biyu, gwargwadon irin ajiyar da mutum ya yi. Wanda ya ɗauki hoton faifai ɗungurungum, sai ya zaɓi gyara maimakon sabon zubi, ya nemi System Image Recovery, ya nuna masa faifan waje. Na'ura za ta koma daidai yadda take ran da aka ɗauki hoton, da manhajojinta duka. Abin da aka rubuta bayan ranar nan kuwa ya shafe, saboda haka ne muka ce a fara kwashewa. Sabon faifai kuma kada ya kasa tsohon girma.

Wanda takardu kaɗai ya kwafa, watau yawancinmu ke nan, sai ya zuba Windows sabuwa. Ita da kanta za ta gina sabon ɗakin ceto. Lasisi ma ba abin damuwa ba ne ga na'urar da ta zo da shi na halal, gama tun daga Windows 8, a 2012, kamfanoni suke dasa mabuɗin a jikinta. Sa'an nan a sa manhajoji, a mayar da takardu. Babban ɗakin nan na kamfani ba zai dawo ba, kuma a ganina ba a yi rashi ba, tsofaffin kaya ne cikinsa. A tuna dai Microsoft ta daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, in na'ura za ta ɗauki Windows 11 ita ya kamata a sa.

Saura inda za a ajiye kwafi. Akawunan zamanin En'e, da takardar kabon da tafireta, ba su buga wasiƙa guda tak. Ɗaya ta tafi, saura su zauna a fayil. Filash da yake kwana cikin jaka ɗaya da kwamfuta, ɓarawo ɗaya ne zai ɗauke su. Gobarar da ta ci shaguna a kasuwar waya ta Farm Centre cikin watan Yuni 2025 ta isa shaida cewa wuri guda ba abin dogara ba ne. A bar kwafi ɗaya a ofis, ɗaya a gida. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, amma tambayoyin jarrabawa da lissafin hukuma kada a ɗora su a asusun kai sai da iznin shugaba. Kowane ƙarshen wata ga akawu, ko ƙarshen zango ga malami, a sabunta kwafin, a kai shi wata kwamfuta a buɗe takarda biyu ko uku a ga suna karantuwa.