Kayan Kiɗan Lantarki da Ake Ɗaurawa a Jiki

Makaɗin kalangu rataya shi yake yi a kafaɗa. In ya matse igiyoyin da hammata murya ta hau, in ya sassauta ta sauka. Mai rawa kuma yana ɗaura akayau a ƙafa, kowane taku da amonsa. Wato Bahaushe ya daɗe da sanin kiɗan da motsin jiki ke sarrafawa. Abin da lantarki ya ƙara shi ne auna motsin, a mayar da shi lamba, kwamfuta ta mayar da lambar sauti.

A 1984 Michel Waisvisz ya fito da irin wannan a Amsterdam, wasu na'urori da ake ɗaurawa a hannu, suna aika saƙo ta tsarin MIDI da aka ƙaddamar a 1983. Amma sai da allon Arduino ya fito daga Italiya a 2005 aikin ya zo daidai aljihun ɗalibi.

Ɗalibin Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji a Bauchi zai iya haɗa ma'aunin motsin da kansa a ɗakin haya. Baƙin soson nan da ake ƙunsa ƙananan kayan lantarki a ciki yana ɗan wuce da wuta. A sa shi tsakanin fallayen jan ƙarfe biyu, a ɗinke cikin ƙyalle, a ɗaura a hammata. Da an matsa, soson ya ƙanƙance, wuta ta ƙara wucewa, Arduino ya karanta canjin a matsayin lamba tsakanin 0 da 1023. Ga matsin kalangu ya samu. Bugu kuwa, faifan piezo da aka ciro daga tsohon agogo mai ƙararrawa ya isa, domin shi da kansa yake haifar da 'yar wuta idan an buge shi.

Wahalar tana wajen jiki. Gumin bazara yana rikita lissafi, waya tana tsinkewa a gwiwar hannu, soso yana mutuwa. Mafi muni shi ne jinkiri. Injiniya zai ga ƙiftawar ido ba komai ba ce, amma makaɗi yana jin ta a hannunsa. Shi ya sa nake ganin kada a bar gwaji ga na'urar awo kaɗai. A kira mai kalangu tun ranar farko, a ɗaura masa, shi zai faɗi ko sautin yana biyo hannu.