Gigin Tsufa A Ijora: Wa Ke Tsaron Baba Da Rana?

Kafin ƙarfe bakwai na safe gida ya watse a Ijora. Maigida ya nufi Apapa, uwargida tana bakin kaskon ƙosai, yara sun tafi makaranta. Saura Baba a ɗaki, shi da jiya ya yi azahar sau uku, yana cigiyar matarsa da ta daɗe da rasuwa.

Mukan ce gigin tsufa ne, mu bar zancen. Alhali cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba kowane tsoho ke kamuwa da ita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da ita sun haura miliyan 55, galibinsu a ƙasashe irin namu. A ƙauye, in tsoho ya fita, kowa ya san gidansu, wani zai riƙo hannunsa ya dawo da shi. A nan kuwa ga layin dogo, ga tireloli, ga mutanen da ba su jin Hausa. Tsohuwar da aka tsinta tana sambatu, sai ka ji an ce mayya ce.

Kulle tsoho a ɗaki ba mafita ba ce, ƙara rikita shi yake yi.

A Ingila da Japan akwai cibiyoyin yini: a kai tsoho da safe, ya ci abinci, ya sha maganinsa, ya yi hira da tsararrakinsa, da yamma ya koma cikin iyalinsa. Kada wani ya ce yar da iyaye ne. A gidansa zai kwana. Dabarar ma ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun 1954 Dakta Adeoye Lambo ya fara makamanciyarta a Aro, Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke yini a asibiti, su kwana a ƙauye tare da danginsu.

Irin waɗannan cibiyoyi ba su da yawa a Legas, amma muna da masallatai da zaurukan sarakunan Hausawa a Ijora da Agege. Gidaje biyar za su iya haɗa kuɗi su ɗauki mai haƙuri ɗaya ya yini da tsofaffinsu, mata kuma a ɗaukar musu mace.

Amma a fara da likita, a asibitin koyarwa na Idi-Araba ko na ƙwaƙwalwa da ke Yaba, domin wata mantuwar tana da magani. Kafin nan, a rubuta sunan Baba da lambar wayar ɗansa, a ɗinke a aljihun rigarsa.