WUTAR JIN ƊUMI TANA DA DOKA

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ɗari ya kama. Daga Nuwamba har Fabrairu, hunturu shina busowa daga gabas maso arewa, haki ya bushe, kara ya bushe. Cikin unguwannin Tawa da garuruwan arewacin Adar, kamar Kalhu da Barmu da Takanamat, kowane gida ana hura wuta tsakar gida don jin ɗumi, samari kuma suna kewaye da gawayin shayi ƙohwar gida har tsakad dare. Ba wanda ya hana wannan. Amma a sani, wanda ya hura wuta shi ke da alhakinta har ta mutu.

Wagga lokaci ita ce hatsi ke cikin rumbu, karan dawa da harawar wake suna bisa rumhwa, darni da zana sun kewaye gida. Tartsatsi guda in iska ya ɗauke shi ya isa ya cinye noman shekara kahin a jawo guga biyu daga rijiya. Wuta kuma ba ta san iyakar gida ba, daga darnin wane sai na maƙwabci.

Ga ƙa'idodin gargajiya da ya kamata kowane maigida ya riƙe:

1. A gina ɗan rami, a kewaye shi da duwatsu. Adar ba ta rasa dutsi ba.
2. A nisanta wuta da rumbu da darni da tarin kara, ko da taki goma ne, kuma a sa ta wajen da iska ba ya tura ta bisa su.
3. Ranar da iska ya yi ƙarhi, a haƙura da wutar waje.
4. Kada a bar yara su kaɗai da wuta.
5. A aje tulun ruwa ko kwaryar rairai kusa. Kahin a kwanta a yayyahwa ruwa, a ruhe da ƙasa. Toka mai sanyi a bisa takan ɓoye garwashi har sahiya.
6. Kada a shiga da garwashi ɗaki a ruhe ƙohwa. Hayaƙin gawayi ba shi da wari, amma shina kashe mutum cikin barci.

In gobara ta tashi a ƙauye, al'ada ita ce a yi kuwwa, kowa ya hito. Bayan haka maigari ko sarki ke zama da mai wutar da wanda anka yi ma ɓarna, a sasanta bisa diyya. In ba a shirya ba, magana ta tahi gaban alƙali, don dokar ƙasa tana hukunta wanda ya sa gobara da gangan, tana kuma hukunta wanda sakacinshi ya jawo ta. A birnin Tawa, lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18.

Irin wannan ƙaramar wuta ce ke zama wutar daji in anka hura ta a zango ko bakin hanya anka tahi ba a kashe ba. Matahiyi ya dahwa shayi, yaro ya sa wuta ramin gahiya, mai mota ya yada guntun taba. Arewa da mu, wajen Abalak da Cintabaradan da Tasara da Tiliya, shekarar da damana ta yi kyau ita ce ta hi haɗari, don haki ya yi kauri, wuta tana gudu da iska ba mai iya cim mata. Hakin nan shi ne rumbun makiyayi har ruwan sabuwar damana. In ya ƙone, bisashe su gangaro kudu da wuri, rigima ta tashi da masu gonaki.

Shi ya sa dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta ran 8 ga Yuni 2004, wadda ta gaji ta 1974, ta hana sa ma daji wuta, ma'aikatan gandun daji kuma ke kama mai laihi. Shi ya sa kuma bayan damana ake share dogayen hanyoyin tare wuta cikin makiyaya, a kwashe hakinsu a aje ma bisashe. Mai ƙona sassabe shi share gehen gonarshi tukuna, shi gaya ma maƙwabta, shi tsaya har wuta ta mutu.

Mu tuna wahalar da iyayenmu sunka sha bayan hwarin 1973 da na 1984. Layukan dogon yaro na kwarin Majiya an hwara dasa su a 1975, aikin raya ƙasar Keita an hwara shi a 1984. Icce shekaru shike ɗauka kahin shi ba da inuwa, wuta kuwa dare guda ya ishe ta.

Maigari shi sa a yi shela ran kasuwa, liman shi tuna ma jama'a bayan salla. Allah shi kiyaye mu da gobara, shi kai mu damana lahiya. Amin.