Manhajojin Gamin-Gambiza a Harkar Kasuwanci

Gamin-gambiza, wanda ake kira mashup da Ingilishi, shi ne a ɗebo bayanai daga kafofi biyu ko fiye na intanet, a haɗa su a shafi guda domin su ba da wani amfani da babu ɗayansu da zai bayar shi kaɗai. An aro sunan ne daga fagen kiɗa, inda ake sarƙa waƙoƙi biyu su zama ɗaya.

Misalin da ya yi fice shi ne na shekarar 2005 a Amurka, lokacin da Paul Rademacher ya ɗauko tallace-tallacen gidajen haya daga Craigslist ya ɗora su a kan taswirar Google Maps. Mai neman gida sai ya ga kuɗin haya da unguwa a lokaci guda. A shekarar ne kuma Google ya buɗe wa jama'a ƙofar ɗibar bayanan taswirarsa. Irin wannan ƙofa ita ce ginshiƙin aikin baki ɗaya.

Daga nan kamfanoni suka farga cewa akwai riba a ciki. Yahoo ya fito da Pipes a 2007, Microsoft ya fito da Popfly a shekarar, sannan IBM ya kawo Mashup Center a 2008 domin ma'aikatu. Manufar ita ce ma'aikacin da bai san rubuta manhaja ba ya iya jawo akwatuna a fuskar kwamfuta ya sada su. Alal misali, jami'in ciniki yana iya haɗa jerin abokan cinikinsa da taswira da rahoton yanayi, ya tsara rabon kaya ba tare da ya jira injiniyoyi na tsawon watanni ba.

Sai dai rauninsu a fili yake, domin kuwa kayan aro ba ya ado. Idan mai kafar ya sauya tsarinta, ko ya sa mata kuɗi, ko ya rufe ta, aikin da aka ɗora a kanta ya rushe. Ga kuma haɗarin fitar sirrin kamfani. Su kansu manhajojin ba su yi tsawon rai ba: an rufe Popfly a 2009, Pipes kuma a 2015. Amma dabarar ta ɗore, domin irin wannan aikin ne Zapier da Power BI suke yi wa kamfanoni a yau.