Hattara da Cakulan Mai Matcha da Ba Ya Ganin Wuta

Jama'a, musamman iyaye mata, masu juna biyu da masu sana'ar kayan zaƙi a gida, a tsaya a saurara kafin a sake haɗa wannan cakulan mai koren gari da ake yayi. Ana narkar da cakulan, a zuba kirim ko man kwakwa, a daka dabino a madadin sukari, a barbaɗa garin matcha, a jefa a firji ya daskare. Ba gashi, ba dahuwa. Sai a ce ai mai ƙara lafiya ne, a miƙa wa yaro ɗan shekara uku, a kai wa mai ciki da mai jego. Wannan yabon ne ke sa a saki jiki, a nan kuma haɗarin yake.

Aikin wuta a girki ya wuce nunar da abinci, ita ce ke kashe ƙwayoyin cuta. Duk wadda ta cire gashi daga haɗinta, ta sani cewa kowane abin da ta zuba zai shiga ciki ne yadda ya fito daga kasuwa. Ɗanyen ƙwai, wanda wasu ke bugawa don haɗin ya yi laushi ya tashi, yana iya ɗauke da salmonella. Fulawa ma ɗanyen abu ce, ko da tana da fari tas, domin niƙa ba ya kashe komai. A 2016 fulawar kamfanin General Mills ta sa mutum 63 rashin lafiya a jihohi 24 na Amurka saboda ƙwayar E. coli, aka janye ta daga kasuwa. Hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta kuma ce ɗumama fulawa a gida ba abin dogaro ba ne. Don haka ƙwai da fulawa su fita daga wannan haɗi gaba ɗaya. In ana son abin da zai riƙe shi, a daka biskit, tunda shi an riga an gasa shi.

Kada kuma a ɗauka narkar da cakulan dahuwa ce. Yana narkewa ne a ɗumin da bai kai digiri 50 ba, alhali ƙwai sai ya haura digiri 70 kafin a aminta da shi. Maiƙon cakulan ma yakan lulluɓe ƙwayar cutar ya kare ta daga ruwan ciki, shi ya sa 'yar kaɗan ke isa ta kwantar da mutum. An ga haka a 2022, lokacin da cakulan Kinder daga masana'antar Arlon ta ƙasar Beljiyam ya yaɗa salmonella a ƙasashen Turai da dama, kuma galibin waɗanda suka kamu yara ne 'yan ƙasa da shekara 10.

Sai shi matcha ɗin. Ganyen shayi ne na Japan, wanda garin Uji kusa da Kyoto ya yi suna da shi. Ana rufe shukar da inuwa na kimanin mako uku kafin tsinka, a turara ganyen, a busar, a niƙa shi da dutse har ya yi laushi kamar hoda. Shayin da muka saba, jiƙa ganyen ake yi a sha ruwan a zubar da tuƙar. Matcha kuwa ganyen ne ɗungurungum ake haɗiyewa, da duk abin da ke cikinsa. Ƙaramin cokali ɗaya, wato kimanin giram 2, yakan ƙunshi miligiram 60 zuwa 70 na kafeyin, sinadarin nan da ke cikin goro da kofi. Baƙin cakulan ma yana da nasa, wajen miligiram 80 a giram 100. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta sa wa yara iyakar miligiram 3 a kan kowane kilo na nauyinsu a yini. Ke nan yaro mai kilo 15 iyakarsa 45 ce, cokali ɗaya ya riga ya wuce da shi. Masu haɗi kuwa sukan zuba babban cokali ɗaya ko biyu don koren ya fito a hoto. Uwar da ba za ta taɓa ba ɗanta goro da daddare ba, sai ga ta tana ba shi yanka biyu na wannan bayan isha'i, sannan a kwana ana mamakin rashin barci da bugun zuciya.

Mai ciki iyakarta miligiram 200 a yini, kuma a cikin lissafin har da shayin safe da lemon kwalba mai kafeyin. Akwai wani abin da ya fi damuna game da ita: sinadaran ganyen shayi suna rage yadda jiki ke tsotsar ƙarfen da ke gina jini. Matar da asibiti ya ɗora a kan maganin ƙarin jini kada ta haɗa shi da matcha, ta bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakani, ta kuma faɗa wa ma'aikaciyar awo cewa tana ci.

Sai kuma batun dalma, kalmar da ba baƙuwa ba ce a kunnen duk wanda ya san gubar da ta yi a Zamfara a 2010. Abin da ke cikin cakulan bai ko kama ƙafar wancan ba, amma yana taruwa a jiki. A Disambar 2022 ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka ta gwada baƙin cakulan iri 28, ta sami dalma da kadmiyam a dukkansu. Ganyen shayi ma yana ɗaukar dalma daga ƙasa. Ɗanɗanawa jifa-jifa ba laifi, mayar da shi abincin kullum na yara ne kuskure.

A kula da abin da ake saye. A 2024 matcha ya yi ƙaranci a Japan kanta, har tsofaffin gidajen shayi irin su Ippodo suka taƙaita yawan da mutum zai saya. Don haka koren garin da aka ƙulla a leda, ba suna, ba ranar lalacewa, ba lambar NAFDAC, kuma da arha, a bar wa mai shi kayansa.

Babbar matsalar tamu ita ce sanyi. An tsara wannan haɗi ne don firjin da ba ya mutuwa, mai riƙe sanyi ƙasa da digiri 5. Duk abin da ke da kirim ko madara bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya ce, ga shi a Kano, Sakkwato ko Maraɗi zafin Afrilu yakan wuce 40. In aka ɗauke wuta, firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi na kimanin awa huɗu. Abin da ya kwana ba wuta, asuba ta yi aka kawo ta ya sake daskarewa, ya koma kyakkyawa a ido amma ya lalace, kuma ɗacin matcha da zaƙin dabino za su ɓoye tsaminsa. A zubar. Masu sayarwa su riƙa aikawa a kula mai ƙanƙara, su faɗa wa mai saye akwai kafeyin da gyaɗa in an saka, kada kuma a jera shi a teburin biki tun azahar.

Wanda ya ci ya fara amai, gudawa, murɗar ciki ko zazzaɓi, ko da bayan kwana uku ne, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari. In yaro ne ƙarami, mai ciki ko tsoho, ko aka ga jini a bayan gida, ko fitsari ya ragu, a tafi asibiti nan take. Kada a tsaya kemis sayen maganin tsayar da gudawa ko kafso, domin a wasu nau'o'in E. coli suna iya ƙara cutar har ta taɓa ƙoda. A faɗa wa likita abin da aka ci da ranar da aka ci, a kuma kira duk wanda aka raba wa.